Azumin da na wanke rigar Tsoho

Bana azumi ya sake zagayowa cikin sanyi. Jiya da la'asar ina tsaye a kicin ina suyar ƙosai, ruwan nan na Landan da ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa yana ta tsiyaya a jikin taga, sai 'yata Ummi ta kunna talabijin a falo. Na leƙa, na ga ƙarti talatin suna birgima cikin taɓo a kan ƙwallo ɗaya mai siffar gwanda. Zari-ruga ke nan. Nan take wani wari ya taso mini a maƙogwaro, warin da babu shi a flat ɗina na Abbey Wood, sai da na rage wuta na dafa bango. Shekara talatin da uku, azumi ya yi zagayensa ya dawo daidai inda ya same mu a waccan shekarar, hancina kuma bai manta komai ba.

A lokacin maigidana, Malam, yana karatun digiri na uku a Bloomsbury, gwamnatin jihar da ta turo shi kuwa ta shafa wa idonta toka ta manta da shi. Muna zaune a ɗaki ɗaya a Tottenham, bango ya yi baƙi da fumfuna, in ka jingina sai bayan rigarka ya jiƙe. Ummi tana wata bakwai, tari ya kama ta tun shigowar sanyi, in tana numfashi daga bakin ƙofa kana jin ƙirjinta yana ƙara. Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce ko mu bar ɗakin nan, ko mu saba da kwanan asibiti.

Mma Adiza ce ta fitar da mu, wata baiwar Allah 'yar zangon Kumasi mai sharar ofisoshi, wadda mace da namiji duk "kai" take ce musu. Ta same ni a bakin shagon nama ta ce, "Binta, akwai wani tsofon Bature, gidan shi babba, ana neman mutum biyu. Kai da mijinka ku duba shi, a ba ku ɗaki a ƙasa, da heater. Ka ce na gode kawai, kar ka yi yanga."

Ban yi yanga ba. Ɗakin a ƙarƙashin gida yake, tagarsa daidai da ƙasar lambu, in mutum ya wuce ƙafafunsa kawai kake gani. Amma akwai hitar ƙarfe a jikin bango wadda ba ta mutuwa dare da rana. Kafin mako biyu tarin Ummi ya fara sauka. Wannan ɗakin shi ne duk abin da muka mallaka a ƙasar, kuma ba namu ba ne.

Mai gidan sunansa Mista Albat, mu dai Tsoho muke ce masa, a gabansa kuma ina ce masa Baba. Ya kai shekara casa'in. Bai taɓa haihuwa ba, matarsa ta daɗe da rasuwa, sai wani ɗan ƙanwarsa mai suna Kolin da ke riƙe da takardun gidan. Kolin ne ya ɗauke mu aiki, shi ne kuma zai iya cewa mu fita. Tsoho dogo ne har a lokacin, hannunsa ɗaya zai rufe faranti, hancinsa ya karkace gefe guda, kunnuwansa sun dunƙule sun yi kauri kamar dafaffen ganda. Ranar da na fara ganinsu na zaci wata cuta ce, na ja Ummi baya. Ashe wasa ne ya mayar da su haka.

Wallahi ban taɓa ganin ƙazantar da aka gyara mata zama irin ta gidan nan ba. Kafet har cikin ban-ɗaki, kewaye da masai. Babu buta, babu abin da ya yi kama da ita. Tsoho zai fyace majina a hankici, ya duba, ya naɗe abinsa ya mayar aljihu kamar ya samu tsintuwa. Haƙoransa na roba suna kwana a kofin gilas, kuma da farko a kofin yake so in ba shi ruwa. Ga wani tsohon kare mai dalala, wanda in Tsoho ya gama cin abinci sai ya sauke masa farantin ya lashe tas, ya miƙo mini yana murmushi, wai ya rage mini aiki. Na ware mana kwanukanmu na ɓoye a ƙarƙashin gado.

A haka azumi ya same mu. Ba kiran salla, ba ganin rana. Wata takarda ce da aka buga a masallaci muka manna a bayan ƙofa, ita ke ce mana ku ci, ita ke ce mana ku daina. In mun yi sahur mun yi salla, sai Malam ya hau sama ya yi wa Tsoho wanka, ya canza masa zanin gado, don ni na ce duk abin da za a yi a yi, ban da wannan. Ya sauko ya wanke hannu har gwiwa, ya ɗauki jakarsa ya nufi tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa. Daga nan gidan ya zama nawa. In soya wa Tsoho wani busasshen kifi da yake karyawa da shi, mai ƙarnin da ke kama labule ya kwana, ni kuma ciki ba komai. Naman alade kam tun ranar farko na ce ba zan taɓa ba, ya ce ba komai, haƙoransa ma ba sa iyawa. Sai wanki, sai goge dalalar kare, sai in goya Ummi in fita cikin yayyafi in sayo burodi, yatsuna su ƙage har in kasa buɗe ƙofa.

Yunwar sanyi daban ce da ta gida. Ba ƙishi ke damunka ba, wani rami ne ke buɗewa a tsakiyar cikinka, sanyi ya shiga ya zauna. Gero babu, tsamiya babu. Da garin oats, wani hatsin Turawa, nake dama kunu in matsa lemon tsami, mu rufe ido mu sha mu ce kunun tsamiya ne. Wake nake jiƙawa in murje da hannu saboda ƙosai guda goma sha biyu. Kukar da wata ɗaliba ta kawo mana daga Kano kuwa da ƙaramin cokali nake aunawa. Yanzu Ummi tana danna waya a kawo mata fura har bakin ƙofa, ta ce ba ta yi sanyi ba.

Bayan azahar, in na kai masa shayi, Tsoho yakan ce, "Binti, zauna." Haka yake kiran sunana. Sai ya hau labarin da na haddace kamar karatun allo. Yana ɗan shekara ashirin, yana aikin akawu a wani ofis, aka aiko masa da wasiƙa cewa zai buga wa ƙasarsa wasan zari-ruga. A zamaninsu ba a biyan kowa, hutun rabin yini ya roƙa, ya hau jirgin ƙasa da takalmansa a cikin takarda. Sau uku ya buga wa ƙasar. A na farko aka fasa masa hanci tun ba a je ko'ina ba, ya ƙarasa wasan jini na zuba. A na uku gwiwarsa ta goce, aka fitar da shi a kan ƙyauren ƙofa, shi ke nan, ya koma akawunsa har ya yi ritaya. Ya nuna mini hoto, maza takwas sun sunkuya sun cusa kawunansu tsakanin ɗuwawun juna suna turi.

Na ce, "Baba, kuma da hankalinku?"

Ya yi dariya har haƙoran suka motsa. Ya ce, "Babu ko kaɗan, Binti."

Ina ƙyamar hankicinsa, ina ƙyamar karensa, amma shi ban ƙi shi ba. Da ya gane ba na cin komai da rana, sai ya daina cin biskit a gabana, ya riƙa ɓoye shi a ƙarƙashin jarida kamar yaro.

Ana tsakiyar azumi, ranar wata Laraba, ya ce mini manyan tsohon kulob ɗinsa za su zo ranar Asabar. Wai duk waɗanda suka buga wa ƙasa a zamaninsa sun mutu, saura shi, za su karrama shi, su kuma karɓi rigar da ya saka a wasansa na farko su ajiye a gilas. Ya nuna mini wata jakar fata a saman kabad. Ya ce, "Sauko da ita, ki shirya mana ita."

Na kai jakar ɗakin wanki na buɗe. Inna lillahi. Warin da ya bugo ni sai da na ruga waje na yi ta kakarin amai, ba abin da zai fito. Riga ce mai kauri, wadda aka ce wai fara ce a da. Taɓo ya bushe a jikinta ya yi ɓawo, ta sandare, ka tsayar da ita za ta tsaya. Daga wuya zuwa ƙirji wani baƙin tabo ne, na jinin hancin nan. Gumin shekara saba'in, da fumfuna, da kashin asu.

Abin da ya zo mini a rai shi ne abin da zai zo wa duk 'yar da uwa ta haifa a garinmu. Baƙi za su zo karrama dattijo, a fito da wannan a gabansu? Su ce akwai mace a gidan, Bahaushiya, tana ci tana sha a ƙarƙashinsa, ta bar rigar girmansa a haka? Ai ba shi za a zaga ba, ni za a zaga, da wadda ta yi mini tarbiyya. Ya ce in shirya ta, kuma ni shiri ɗaya na sani.

Kwana biyu na yi a kanta. Na jiƙa ta a ruwan zafi, ruwan ya koma kamar kunun kanwa, na zubar, na sake, har sau biyar. Na sa sabulu na cuɗa har fatar yatsuna ta saɓule. Tabon jinin ya yi gardama, na bi shi da gishiri da lemon tsami da ɗan bilic. Na sa bula, na sa sitati, na shanya a kan hita, na goge ta da dutsen guga, sannan na turara ta da ɗan ragowar turaren wutan da na zo da shi daga gida. Ta fito fara sol. Rabon da in ji alfahari irin na ranar tun ina amarya.

Ranar Juma'a da hantsi na kai masa a kan hannu biyu. Ya dube ta, ya dube ni, bakinsa a buɗe. Sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har ta koma tari, hawaye na bin kumatunsa. Da ya lafa ya shafa wuyan rigar da babban yatsa.

Ya ce, "Mahaifiyata ta so ta wanke ta a daren da na dawo. Mahaifina ya hana, ya ce taɓon shi ne abin. Ba a wanke irin wannan, Binti, kowa ya sani. Amma rabona da ganin ta haka tun safiyar ranar, kafin mu fita fili." Ya ɗaga hannuwa sama. "Saka mini."

Na saka masa a kan rigar barcinsa. Ta yi masa yawa, kafaɗun sun zubo. Ya sa na kawo madubi, ya zauna yana kallon kansa, yana shinshina hannun rigar, ya ce ƙanshin me ne wannan. A haka Kolin ya shigo ya same mu.

Ban taɓa ganin mutum ya yi ja irin haka ba, har kunnuwansa. Kulob ɗin sun yi masa alkawarin kujera a cikin manyansu da sunansa a jikin gilas, a matsayin wanda ya ba da kyautar. Ya yi ta ihu, wai na wanke tarihi, wai wace irin jahila ce ni, wai riga fara ko a kasuwa sai a saya. Ya tuɓe ta daga jikin Tsoho da ƙarfi har haƙoran suka faɗo a cinya. Ya juyo ya ce mini zuwa Litinin kada ya ga ko tsinkenmu a gidan.

Na sauka ɗaki na zauna a bakin gado, Ummi na barci a jikin hita, numfashinta shiru, lafiya lau. Ina nan zaune sai na ga takalma sun wuce ta taga. Kolin ne. Ya nufi gindin bishiyar tuffa, daidai inda karen nan yake zuwa ya yi abin da yake yi kullum safe da yamma. Ya durƙusa da wandonsa mai tsada, ya shimfiɗa rigata, don a lokacin tawa nake jin ta, ya dinga dirza ta a cikin taɓon, gaba da baya, ya taka da takalmi. Daga baya na ga kwanon hantar da nake dafa wa kare a kicin an taɓa shi, an matse jinin. A kan hitar falo ya busar da ita, gidan duk ya ɗauka.

Da magariba, mun kai dabino baki ke nan, ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Muryarsa ta sauka. Ya ce ya yi tunani, ba sai mun tashi ba. Babu wanda ya wanke komai, rigar yadda take shekara saba'in haka take. Kawunsa ya tsufa, yakan faɗi abin da bai faru ba. Ya tambaya ko mun fahimta.

Bayan ya tafi Malam ya daɗe yana juya cokali a kofin kunu. Na ce, "Malam, ka ce wani abu mana."

Ya ce, "Binta, me zan ce? Na yi applying ɗin gidan gwamnati a council tun kaka, har yau muna waiting list. In mun fita ranar Litinin, ɗakin Tottenham ma an ba wani." Ya dubi Ummi.

Na fita na buga wa Mma Adiza waya. Ta ce, "Kai Binta, riga na shi ne, taɓo na shi ne, kare ma na shi ne. Yaro kawai ne naka. Ka kama bakinka."

Asabar da la'asar suka zo, mutum uku, jajayen fuska, kowa da kwat mai tambari a aljihu, suna warin giyar da suka sha a hanya. Na shigo da tiren shayi. Ɗaya ya miƙe ya yi jawabi, ya lissafa wasannin nan uku, da hancin, da gwiwar, ya ce irin su Tsoho ne suka kafa wasan da jininsu. Kolin ya buɗe takarda ya fito da rigar. Suka zuba mata ido kamar an shigo da gawa. Babbansu, mai furfura, wanda aka ce likita ne, ya sunkuya ya kai hancinsa dab da ita, ya ja numfashi ya lumshe ido. Ya ce, "Ƙasar filin nan ce, har yanzu ana jin ta."

Miyau ya cika mini baki, ga azumi, na rasa inda zan tofar.

Tsoho ya miƙa hannu aka ba shi. Ya juya ta, ya kankare taɓon da farce, ya shinshina. Ya ce, "Wannan ba taɓona ba ne." Aka yi 'yar dariya. Ya ɗaga murya. "Na ce ba nawa ba ne. Binti ta wanke ta. Jiya fara ce, na saka ta, na duba madubi. Tana ƙanshin hayaƙi mai daɗi."

Kolin ya girgiza kai a hankali, ya dubi baƙin, ya taɓa gefen goshinsa da yatsa. Ya ce kwanan nan abin yana ƙaruwa. Likitan ya juyo gare ni da fara'a, irin ta mutumin da ke son a rufe magana cikin mutunci. Ya ce, "Madam, kin wanke rigar nan?"

Yatsuna da suka saɓule suna riƙe da tiren, a gabansu, ko mai ido ɗaya zai gani. Saura kamar minti arba'in a sha ruwa. Tsoho yana kallona, hankalinsa kwance, don ya san abin da zan ce.

Na ce, "A'a, sir."

Bai yi ihu ba. Ya ci gaba da kallona na ɗan lokaci, sannan ya sauke ido kan hannuwansa, ya juya su, kamar su ma yana shakkar nasa ne. Aka ɗauki hoto, aka tafa, aka naɗe kashin kare a takarda mai laushi aka fita da shi da hannu biyu. Da aka sha ruwa a ranar na kai ƙosai baki, na kasa ci.

Daga ranar bai sake cewa in zauna ba. Labarin wasa ya mutu. Wani lokaci in na shiga sai in same shi yana tambayar kare ko yau Talata ce, alhali da bai taɓa ɓatan kwana ba. Maganar rigar ita Kolin ya riƙa kai wa masu duba tsofaffi, da shaidar likita guda da ya gani da idonsa. Ɗakin ya kai mu ƙarshen sanyi, ba zan ɓoye wannan ba. Ummi ta yi ƙiba, ta fara rarrafe, tari ya tafi bai dawo ba. Abin da na saya na samu.

Bayan Babbar Salla aka zo ɗaukarsa zuwa gidan tsofaffi, aka kafa allon sayarwa a ƙofar gida, mu ma aka ba mu wata guda. Ina tsaye a bakin ƙofa da jakar kayansa, ma'aikaciyar jinya tana tura kekensa. Da suka zo daidai ni sai ya kama hannun keken ya tsayar. Ya ɗago, ba fushi a fuskarsa, tambaya ce kawai, ta mutumin da yake so a taimake shi.

Ya ce, "Binti, ta yi fari, ko? Ko mafarki na yi?"

Na ce, "Ta yi fari, Baba. Ni na wanke ta. Ka saka."

Ma'aikaciyar ta yi mini murmushi, ta ƙifta ido, irin na cewa kin kyauta, haka ake lallaɓa su. Ta tura shi cikin mota.

Wani malami a masallacin Tottenham ya ce mini ƙarya tana rage lada amma ba ta karya azumi, babu ramuwa a kaina. Na ji, na gode masa. Duk shekara bayan Salla ina rama ranar nan guda ɗaya, Malam har ya rasu bai taɓa tambayata ta mece ce ba. An ce rigar tana nan a gilas, da fitila a kanta, da sunan Kolin a ƙasa.

Jiya Ummi ta ga na daɗe dafe da bango, ta taso ta ce, "Mama, are you okay?" Na ce ta canza mini tashar nan, ƙazanta ce. Ta yi dariya, ta ce ni dai komai ƙazanta ne a wurina. Ta tsaya kusa da ni ta ja dogon numfashi tana shaƙar ƙanshin ƙosai, ƙirji tas, babu ko ƙara. Na saurara har ta sauke shi. Sannan na ce ta kwashe na cikin kaskon, ni ba na jin zan iya ci.